Daga zauren WhatsApp zuwa teburin hukuma: yadda ake kai koken unguwa a Damagaram

Ba wanda zai manta da daminar 2024 a Damagaram. A farkon watan Satumba tsohon masallacin Birni, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya rufta saboda yawan ruwa, kuma kafin ƙiftawa da bisimilla hotonsa ya zagaye wayoyin gari. A makon da masallacin ya rufta mu ma ruwa ya shigo mana gidaje, don magudanar da ta ratsa unguwarmu ta toshe da leda da yashi. Daren ranar ban runtsa ba, ina kwashe tabarmi ina sauraren salula. Saƙon murya ya fi ɗari a zauren unguwa: mai Allah ya isa, mai zagin hukuma, mai cewa laifin masu zuba shara ne, mai turo wa'azi a kan haƙuri. Da gari ya waye kowa ya huce, kuma babu mutum ɗaya da ya taka ƙafa zuwa ko'ina.

Abin da ya sa nake rubuta wannan jagora ke nan. Waya ta iya tara mutane, amma ba ta kai koke. Da can in abu ya dame ka sai ka tari kansilan unguwa ka ce masa ai mu muka zaɓe ka. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 wannan ƙofa ta rufe: a watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, a watan Maris na 2025 kuma aka rushe jam'iyyun siyasa. Kowa da ra'ayinsa a kan haka, kuma ba nan ne wurin gardamar ba. Abin da ya rage a hannun talaka shi ne ya tambaya, ya nuna hujja, ya koma ya sake tambaya. Ga yadda muka koyi yin hakan, da tuntuɓen da muka yi a hanya.

Fara da raba zauren hira da zauren aiki

Kada ku taɓa babban zauren unguwa. Ku bar shi da sanarwar suna da ta rasuwa da tallar turaren wuta, yana da amfaninsa. Ku buɗe wani ƙarami, mutum 10 zuwa 15, ku sa masa sunan matsalar kanta, misali "Magudanar ruwa". WhatsApp na ɗaukar mutum har 1,024 a zaure ɗaya, amma taron da ya wuce ashirin ba ya yanke shawara, sai hayaniya.

Wa za a sa? Mutum ɗaya daga kowane layi, wanda ya iya rubutun Faransanci, wani daga fadar samari, da mata aƙalla uku. Na dage a kan mata don su ne suka san ƙarfe nawa ruwa ya shigo, wace rijiya ta gurɓace, yaro nawa suka kwanta da zazzaɓi. A farkon zamanmu ba mu sa ko ɗaya ba, sai wata dattijuwa maƙwabciyata ta tare ni a ƙofar gida ta ce: "Ɗana, ku da kuke fada kuna shan shayi ne za ku faɗi abin da ruwa ya yi a tsakar gida?" Na ce: "Inna, a yi haƙuri, mun yi kuskure." Ba ta da babbar waya, jikarta ce ke kunna mata saƙonni, amma a ƙarshe ita ta fi kowa zuwa ofis.

Shugabannin zaure su zama biyu ko uku. Ka'ida kuma a faɗe ta da murya a ranar farko, don wanda bai iya karatu ba ya ji: ba zagi, ba siyasa, ba turo abin da bai shafi aikin ba, saƙon murya kada ya wuce minti ɗaya. Kowane shugaba ya kunna lambar sirri mai lamba 6 da WhatsApp ke bayarwa a matsayin tabbaci na biyu, kuma kada ya ba kowa lambar da aka turo masa ta SMS, ko da mai kiran ya ce daga kamfani yake. Ta nan ake sace zaure sukutum.

Buƙata ɗaya tak

Za ku so ku haɗa komai: ruwan famfo da ba ya zuwa, wuta, hanya, shara, makaranta. Ku danne zuciyarku. Takardar da ta nemi abu bakwai ba wanda ke da alhakin amsa ta, kowane ofis zai ce na wancan ne. Ku yi ƙuri'a a cikin zauren, akwai wurin yin haka a WhatsApp, ku ɗauki wanda ya fi rinjaye. Sannan ku mayar da shi jimla ɗaya da za a iya cewa an yi ko ba a yi ba. "A gyara mana unguwa" ba buƙata ba ce. "A kwashe yashin magudanar daga bakin masallaci zuwa titi kafin watan Yuni" buƙata ce.

Hujja

A nan aka fi yin sakaci, kuma a nan waya ta fi amfani. Hoton ruwa tsagwaronsa ba ya nuna komai, ruwa ko'ina ruwa ne. Ka tsaya inda za a ga wata alama da kowa ya sani, allon shago ko hasumiyar masallaci ko wani dutse, don a gane wurin ba sai ka rantse ba. Ka ɗauki na nesa, ka matso ka ɗauki na kusa. In zurfi kake son nunawa, kafa sanda, ko ka ɗauki shaidar da ruwa ya bari a jikin bango. In bidiyo ne, fara da faɗin rana da wata da sunan layi, ka riƙe wayar a kwance, kada ka wuce daƙiƙa 30, kuma ka yi shiru da sharhi. Da zarar ka ce "ku dubi abin da azzalumai suka yi mana", bidiyon ya tashi daga hujja ya koma wani abu da za a iya amfani da shi a kanka.

Abu biyu na fasaha. In ka tura hoto yadda aka saba, WhatsApp na rage girmansa ya kuma share bayanin ranar da aka ɗauka. Don haka hotunan ajiya a tura su a matsayin takarda, ta alamar da ake maƙala fayil, ko a kwashe su a kati a ba mutum biyu su riƙe. Na biyu, ku koma wuri ɗaya ku ɗauki hoto daga gefe ɗaya duk mako. Hoto huɗu masu kwanan wata da ke nuna yashi na ƙaruwa sun fi dogon jawabi.

Kada a ɗauki cikin gidan mutum ba da izininsa ba, kada a nuna fuskar mata da yara, kuma a nisanci ɗaukar jami'an tsaro da wurarensu gaba ɗaya. Sannan a yi ƙidaya da biro da littafi, gida-gida: gida nawa ruwa ya shiga, katanga nawa ta faɗi. Abin da kuka ƙirga da idonku kaɗai za ku rubuta. In gida 23 ne, ku ce 23. Ranar da kuka ce 100 aka zo aka tarar da 23, an gama da ku, ko gaskiyar da kuka faɗa daga baya ba za ta karɓu ba.

Kafin ka tura, tsaya

Ni kaina na faɗa wannan rami. Wani ya turo hoton gada da ta karye, an rubuta cewa a hanyar shigowa gari ne, na tura wa zaure uku ba tare da tunani ba. Wani ƙanena ɗalibi a jami'ar André Salifou ya kira ni ya ce: "Yaya, ka dubi lambar motar da ke gefe." Na buɗe hoton da yatsu biyu, sai ga lambar Najeriya. Na sha kunya, na bi zaurukan ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri.

Mu nan muna da wata matsala ta musamman. Hausa ɗaya ce daga nan har Kano da Katsina da Daura, don haka labarin da ya faru can yana tsallako iyaka ta Magariya ko Matamaye ya iso mana kamar namu ne. Ka saurari harshen mai magana: Damagaranci ne ko Kananci? Naira yake ambata ko jaka? Ka dubi kakin ɗan sanda, lambar mota, rubutun allon shaguna, da Faransanci ne ko da Ingilishi. In hoto ne, sa shi a Google Lens, sau da yawa zai nuna maka an taɓa wallafa shi shekarun baya a wata ƙasa. In ka ga kibiya biyu a saman saƙo, ma'anarsa ya bi hannu da yawa kafin ya iso ka, kuma wanda ya turo maka bai san mafarinsa ba. Saƙon muryar da ya fara da "wani babba ne ya gaya mini" ba tare da suna ko wuri ko rana ba, ka bar shi inda ka gan shi. Yanzu ma akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum, saboda haka jin muryar da ka sani bai isa shaida ba.

Mafi sauƙi duka: in an ce abu ya faru a kasuwar Dole, kana da ɗan kabu-kabu da ka sani a can. Kira shi. Garin nan ya ga abin da zafin kai ke jawowa a watan Janairun 2015, lokacin zanga-zangar zanen jaridar Charlie Hebdo, da aka ƙone coci-coci da cibiyar al'adun Faransa aka kuma rasa rayuka. A lokacin ma wayoyin zamani ba su kai yawan na yau ba.

Abin da doka ta ce

Wannan sashe ku karanta shi a zaure, ku maimaita. Nijar na da dokar laifukan intanet tun watan Yulin 2019. A 2022 aka yi mata gyara aka cire ɗauri a kan ɓata suna da zagi, aka bar tara. A watan Yunin 2024 aka dawo da ɗaurin: shekara 1 zuwa 3 a kan ɓata suna ko zagi ta hanyar sadarwar zamani, shekara 2 zuwa 5 a kan yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a, ban da tarar miliyoyin sefa. Kalmar ta da hankalin jama'a faffaɗa ce ƙwarai, kuma ba kai ne za ka fassara ta ba.

Kada ka ce ai zauren namu ne, mu kaɗai. Gaskiya ne saƙon WhatsApp a kulle yake tafiya, amma mutum ɗaya ya ɗauki hoton allo ya isa. Kuma ba abin da ka rubuta da hannunka kaɗai ke iya jawo maka ba. A watan Yunin 2020 aka kama ƴar jarida Samira Sabou a Yamai bayan wani rubutu da ta yi a Facebook kan binciken kuɗin ma'aikatar tsaro, wanda wani ya ambaci suna a sharhin da ya yi a ƙarƙashinsa. Ta yi kusan mako bakwai a tsare kafin kotu ta sallame ta. Darasin ga shugaban zaure a fili yake: in wani ya zagi mutum ko ya jefe shi da sata, ka goge saƙon ga kowa nan take, kana da ikon yin haka, sannan ka kira shi a keɓe.

A ganina dokar ta yi tsauri, kuma tana sa mai gaskiya ma ya ja bakinsa ya yi shiru. Amma akwai fili mai faɗi tsakanin shiru da zagi. "Wane ya cinye kuɗin magudana" zargi ne da sai ka kawo hujja a gaban alƙali. "Magudanar ta toshe tun watan Yuli, ga hoto, yaushe za a kwashe?" tambaya ce. Ku yi magana a kan abu, ku bar mutum.

Yanzu sai ƙafa

Kafin kowane ofis, gidan mai unguwa. Samari da yawa na ganin wannan ɓata lokaci ne tunda suna da Facebook. Kuskure ne. A garin da ke da fadar Sarkin Damagaram, tambayar farko da za a yi maka a ofis ita ce ko mai unguwarku ya sani. Mun je mu huɗu bayan la'asar, muka cire takalma, muka gaisa har sau uku kafin a shiga magana. Na ce: "Ranka ya daɗe, mun zo ne ka sa mana albarka, kuma ka sa mana hannu." Na miƙa masa wayar ya ga hotunan. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce: "Yaro, abin da za ku kai a rubuce, ku fara karanta mini shi da Hausa." Muka karanta, ya sa aka cire kalma ɗaya da ya ce ta yi kaushi, kuma da gaskiyarsa.

Takardar kada ta wuce shafi ɗaya: su wane ne ku, mene ne matsalar, tun yaushe, gida nawa ta shafa, me kuke nema, me ku kuma za ku yi da kanku. Wannan na ƙarshe yana da nauyi. Mu mun rubuta cewa samarin fada za su yi gayya su tono yashin, motar kwashewa kawai muke roƙo. Ko da yake dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, aikin ofis har yanzu galibi da Faransanci ake yi, don haka ku rubuta da Faransanci ku haɗa da ta Hausa. Ku wanke hoto huɗu ko biyar a takarda ku liƙa, don ba jami'in da zai zauna yana latsa wayarka. Sa hannun masu gidaje ya biyo baya, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa.

Ku tabbata ƙofar da kuka nufa ita ce daidai. Birnin Damagaram ya kasu gunduma 5, kowace da ofishinta, ga kuma babbar ma'aikatar magajin gari. Shara da magudana da kasuwa can suka dosa, wuta na da kamfaninta, ruwan famfo na da nasa. Ku tambaya kafin ku tafi.

Sai abin da ya fi komai: ku tafi da kofi biyu, ku miƙa ɗaya, ku nemi a buga muku hatimi da kwanan wata a ɗayan. Mu karon farko ba mu yi haka ba. Da muka koma bayan mako uku aka ce ba a ga takardarmu ba, kuma ba mu da abin nunawa. Muka sake sabuwa, wannan karon ban tashi daga kan bencin ba sai da na ji ƙarar hatimi. Kafin na fita daga harabar na ɗauki hotonta na tura babban zaure. Ku kuma tambaya da ladabi ranar da za ku dawo, ku rubuta. Tun Fabrairun 2011 akwai dokar da ta ba ɗan ƙasa damar neman bayani da takardun hukuma, saboda haka tambayar ina aka kwana ba rashin kunya ba ce.

Rediyo da Facebook, amma a bayan takarda

In ranar ta zo ta wuce kun koma sau biyu shiru, sannan a fita fili. Ni rediyo nake fifitawa, don tana shiga gidan da intanet bai shiga ba, kuma manya na saurare. Gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani na da shirye-shiryen da ake buga waya, akwai kuma Studio Kalangou da ya fara a 2016, wanda ake jin shirye-shiryensa na Hausa ta gidajen rediyo abokan hulɗarsa. Ku zaɓi mutum ɗaya mai sanyin baki, ya riƙe takardar mai hatimi, ya faɗi ranar da aka kai ta da abin da aka nema, ya rufe da cewa muna jiran amsa.

A Facebook ma haka: hoto biyu, layi huɗu, da suna na gaskiya. Shafin bogi ba ya ɓoye ka yadda kake zato, kuma yana zubar da ƙimar maganar. Wani ya zauna yana bin sharhi yana goge zagi. Kada ku ruɗu da yawan masu danna alamar so, da yawansu suna Yamai ko Agadas ko Libiya, ba za su zo gayya ba. Amfanin ƴan ci-rani a wani wuri yake, wajen gudummawa.

Kuɗi

Nan zaure ke mutuwa. In za a yi karo-karo na shebur da baro da shayin ƴan gayya, mai karɓa daban, mai rubutawa daban. Duk wanda ya turo ta Airtel Money ko Nita, a sa shaidar a zaure, a rufe lambar wayarsa. Duk Juma'a a ɗauki hoton shafin littafi a tura. Kuma ku daidaita tun farko da me kuke lissafi, dala ko faran. Mun kusa ɓatawa da wani bawan Allah da ya ce ya ba da 200, ma'aji ya rubuta 1,000. Dukansu gaskiya suka faɗa, dala 200 ita ce jaka guda, wato faran 1,000, amma sai da aka kwana biyu ana ƙus-ƙus kafin a gane.

In layi ya ɗauke

Ya taɓa faruwa. Bayan zagaye na biyu na zaɓen 21 ga Fabrairun 2021, tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane ɗan garin nan, an katse intanet na wayar hannu kusan kwana 10. Ban da wannan ma, wuta na ɗaukewa, kuɗin forfe, wato na intanet ɗin waya, na ƙarewa. Don haka lambobin ƴan kwamiti su kasance a littafi, kuma a sa rana da wurin haɗuwa da ba sai an sanar ba. Namu bayan sallar isha'i ne ranar Lahadi, a ƙofar gidan mai unguwa.

Mu dai ba mu samu sabuwar magudana ba. Mun samu mota ta yini biyu bayan samari sun tono yashin, daminar da ta biyo baya kuma ruwa ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ɗaki ba. Takarda ta biyu, wadda muka nemi a sa murfi a inda yara ke tsallakawa zuwa makaranta, tana can har yanzu. An ce mu dawo ranar Litinin. Inna ta riga ta aiko jikarta ta ce in tanadi ɗan kabu-kabu mai tafiya a hankali, kuma in sa kofin mai hatimi a leda don kada zufa ta ɓata shi.